Sauya haƙoran aksul: ka kama da kanka ko ka kai wa bakanike?

Kukan yakan fara ne a hankali. Kana kan titi mai kyau, gudu ya kai kilomita sittin ko saba'in, sai ka ji wata kuwwa na tasowa daga ƙarƙashin bayan mota. Ka ɗaga ƙafa daga totur ta yi shiru, ka taka ta dawo. Mai Hilux, ko Hiace, ko Land Cruiser, ko tsohuwar Peugeot 504, in dai ya daɗe da motarsa, ya san wannan kuka. Sau da yawa haƙoran aksul ne ke kai ƙara.

Ga abin da ke cikin tukunyar nan ta ƙarfe da ke tsakiyar aksul na baya. Ƙarfin inji yana fitowa daga giya ya bi ta farfela. A ƙarshen farfelar akwai ƙaramin haƙori da makanikai ke kira finiyon, shi ke juya wani babba mai kama da faranti, wato kirawun. Su biyun ne ke karkatar da juyin zuwa tayoyi, su kuma rage saurinsa don ƙarfi ya ƙaru. Motocin da ke ja da tayoyin gaba, irin su Golf da yawancin Corolla, nasu yana cikin akwatin giya ne, don haka wannan magana ba tasu ba ce.

Dalili biyu ke sa a sauya finiyon da kirawun. Ko dai sun cinye, ko kuma mai mota yana son canza lissafin ƙarfinta. Lissafin ba wuya: ka ƙirga haƙoran kirawun ka raba da na finiyon. Haƙori 41 da 10 ya ba ka 4.10, wato farfela za ta juya sau huɗu da ɗoriya kafin taya ta juya sau ɗaya. Haƙori 41 da 9 ya ba ka 4.56, mota ta fi jan kaya da hawa tudu, amma inji zai riƙa ihu a kan babbar hanya. Wanda ya sa manyan tayoyi ya ga motarsa ta yi nauyin tashi, nan ne maganinsa. Idan ka tashi daga taya mai inci 31 zuwa mai inci 33 a motar da ke da 4.30, lissafi zai kai ka wajen 4.58, mafi kusa da shi a kasuwa kuwa 4.56 ne. Motar da ke ja da tayoyi huɗu dole gaba da baya su zama lissafi ɗaya, in ba haka ba za su riƙa kokawa da juna har wani abu ya karye. Kuɗin aikin ya ninka ke nan.

To, me zai hana mutum ya kama da kansa? Ai notuna ne, wanda ya iya kwancewa ya iya ɗaurewa. Nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami. Kwancewa da ɗaurewa su ne ƙaramin ɓangaren aikin, babbansa awo ne.

Finiyon da kirawun tagwaye ne. Tun a masana'anta ake goga su da juna har su saba, shi ya sa ba a sauya ɗaya a bar ɗaya, ba a kuma haɗa na wannan saiti da na wancan. Bayan haka akwai abubuwa huɗu da sai an daidaita: zurfin da finiyon zai shiga jikin kirawun, ƙarfin matsin boris ɗin finiyon, ƙarfin matsin boris biyu na gefe, da ɗan wasan da ake bari tsakanin haƙori da haƙori. Wannan wasa, a aksul ɗin Toyota mai kirawun inci 8 da ke jikin tsofaffin Hilux da yawa, tsakanin milimita 0.13 ne da 0.18. Kaurin silin gashi biyu ko uku ke nan. Ido ba ya ganinsa, yatsa ba ya auna shi. In ya yi kaɗan haƙoran su yi zafi su ƙone, in ya yi yawa su riƙa bugun juna.

Abin da ya fi ban haushi shi ne awon nan huɗu suna jan juna. Ka ƙara siririyar washa a bayan finiyon don gyara zurfi, wasan ya canza. Ka gyara wasan, ka koma duba zurfi. Hanyar dubawar ita ce a shafa wani fenti mai kauri, rawaya ko shuɗi, a kan wasu haƙoran kirawun, a juya, a karanta sawun da finiyon ya bari. Ana so sawun ya zauna a tsakiyar haƙori, kada ya hau can sama, kada ya nutse can gindi. Idan bai zauna ba, sai a sake kwancewa, a zare boris, a canza washa, a mayar. Ko gwani yakan yi haka sau uku ko huɗu kafin ya gamsu. Akwai kuma wani ɗan bututun ƙarfe a bayan notin finiyon a aksul da yawa, wanda ke lotsewa yayin da ake ɗaurewa. Sau ɗaya ake amfani da shi. In ka wuce gona da iri wajen ɗauri, ba a sassautowa, sai dai ka sayo sabo.

Kuma kuskure a nan ba ya nuna kansa a gareji. Mota za ta tashi lafiya ƙalau, a yi murna. Sai bayan 'yan ɗaruruwan kilomita kuka ya dawo, a lokacin haƙoran sun riga sun ci juna a karkace, kuma haƙorin da ya ci a karkace ba ya komawa daidai ko an sake saiti. Garin neman gira an rasa ido.

Wanda zai yi da kansa yana bukatar agogon awo mai allura da gindinsa na maganaɗisu, da sufana mai auna ƙarfin ɗauri guda biyu, babba da wata ƙarama ƙwarai ta auna matsin boris, da injin matsa boris, da abin zare shi, da fentin nan, da littafin gyaran motar da ke ɗauke da ainihin lambobinta. In don aksul ɗaya za ka sayi waɗannan, kuɗinsu na iya wuce ladan bakanike. In kana da motoci da yawa, ko kana da wata motar hawa da za ta rufa maka asiri kwana biyu ko uku, kuma kana da haƙurin kwance abu sau biyar ba tare da ka ɗauki guduma ba, to bismilla. Direban da abincin gidansa ke kan motar nan guda ɗaya, ni dai ban ba shi shawarar ya koyi aiki a kanta ba.

Amma akwai hanyar tsakiya, kuma ita na fi so. A Hilux da Hiace da yawa, kan tukunyar gaba ɗayansa yana fitowa: ka juye mai, ka kwance farfela, ka zaro sandunan aksul biyu, ka kwance notunan da ke kewaye, sai ya fito da haƙoransa a haɗe. Wannan mai ɗan sanin hannu zai iya. Sai ka ɗauke shi ka kai wa gwani ya yi saitin a kan teburi, ka dawo ka mayar. Ka rage kuɗi, ka bar awo ga mai awo. Yana da nauyi fa, kuma kada ka kuskura ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Haka nan ana iya sayen kan tukunya na Beljiyam a haɗe a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, wanda saitinsa na masana'anta ne. Sai dai ka ƙirga haƙoransa da kanka, ka haska fitila ka duba ko akwai tsagewa ko ɓantarewa.

Kai wa bakanike ma ba shi ne ƙarshen magana ba, don ba kowane gwanin inji ne gwanin aksul ba. Kafin ka ba da aiki, ka ce, “Oga, da me za ka auna wasan haƙori?” In ya ɗauko agogon awo, madalla. In ya ce shi da hannu yake ji, shekara ashirin yana yi, ka gode masa ka ƙara gaba. Ka nemi a sa sababbin boris da sabuwar robar tare mai, ka kuma nemi ya nuna maka sawun fentin kafin ya rufe. Tun farko ma ka sa a tabbatar kukan daga haƙoran yake, don boris ɗin taya da kuros ɗin farfela su ma suna irin nasu, kuma gyaransu ya fi araha nesa ba kusa ba.

Ko wa ya yi aikin, sauran naka ne. Man giya mai alamar GL-5 ake zubawa, kaurin da littafin motar ya faɗa, ba baƙin man inji ba. Tafiyar farko kada ta wuce kilomita 25 zuwa 30, sannan ka tsaya aksul ya huce. Kada ka ɗora lodi mai nauyi ko ka ja wata mota sai ka cika kilomita 800, a nan kuma ka juye man ka zuba sabo.