Mace ita kaɗai a Tasawa da Mayahi: wace kalma ke buɗe mata ƙofa?

Ɗalibar da za ta fita tattara karin harshe ita kaɗai, tambayar farko da iyaye ke yi mata ita ce: gidan wa za ki sauka? Amsar wannan tambaya ce ke tantance garin da ya dace da ita, fiye da nisansa.

Tasawa ta fi sauƙin isa, domin tana kan babbar hanyar Maraɗi zuwa Damagaram, motoci ba sa yankewa, kuma tsohon zangon fatake ne da ya saba da baƙi tun kafin Heinrich Barth ya ratsa ta a 1851. Mayahi, a bakin Gulbin Kaba, sai an ratse daga babbar hanya, don haka gara a isa da rana.

Sai dai a kula da lafazi. "Baƙuwa" tana da mai masauki, mutuncinta yana wuyansa. "Mai zaman kanta" kuwa kunnen jama'a ba ya jin ta da ma'anar ƴanci, zargi take ɗauke da shi. Haka wadda ta tambayi "gidan mata" a tasha tana nufin masauki, to ta jawo wa kanta mummunar fahimta.

A ganina, ƙofa mafi aminci ita ce ƙungiyoyin adashen Mata Masu Dubara, waɗanda suka faro a jahar Maraɗi a 1991. Shugabarsu in ta kira ki "ɗiyata" a gaban mai gari, kin sami masauki, kin kuma sami masu ba ki labarin "tahiya" da karinsu na asali.