Kafin ka goge tsohon aninin nan

Dukanmu mun taso muna jin manya na cewa "ba ni da ko anini", amma kaɗan daga cikinmu suka taɓa riƙe aninin a hannu. Mu ma sai a hutun da ya wuce, da muka koma gida Daura, Kaka ta sa a fito mata da kayan ƙarƙashin gado. Cikin kayan akwai wani gwangwanin madara da ya yi tsatsa, cike da tsofaffin kuɗi: anini da ɗari da kwabo masu huda a tsakiya, taro, sisi, sulalla, da wani babban farin kuɗi mai hoton wata mata.

Nan take ƙanenmu ya tuna wani bidiyo da ya gani a TikTok, inda aka ce kuɗin Turawa ɗaya kan sayi mota. Kafin mu ankara ya ɗebo toka da lemon tsami ya zauna bakin famfo. Guda bakwai ya goge har suna ƙyalli. Daga baya, da muka zauna muka yi karatu a kan harkar, muka gane cewa waɗannan bakwai ɗin su ne suka fi yin asara a cikin gwangwanin.

Masu tara tsofaffin kuɗi ba ƙyalli suke nema ba. Abin da suke biya shi ne fatar kuɗin ta asali, yadda ya fito daga gidan buga shi. Duhun da shekaru ke sa wa tagulla ko azurfa ba datti ba ne a wurinsu. Toka kuwa takan bar ƙananan ƙarce waɗanda ido ba ya gani sai an ɗora gilashin ƙara girma, kuma ba sa gyaruwa har abada.

Akwai ma'aunin da ake bi. Wani Ba'amurke, William Sheldon, ya fito da shi a 1949, daga 1 zuwa 70. Kuɗin da ya suɗe har da ƙyar ake gane shi yana 1. Wanda rubutunsa ke karantuwa amma zanen ya shafe yana tsakanin 4 da 12. Daga 20 zuwa 45 zanen ya fito sosai, sai dai wuraren da suka fi tudu sun ɗan lashe. Daga 60 zuwa 70 kuwa na kuɗin da bai taɓa shiga kasuwa ba ne, hannu bai cinye komai a jikinsa ba. A Amurka akwai kamfanonin da wannan ne kaɗai aikinsu, kamar PCGS da aka kafa a 1986 da NGC a 1987. Sukan duba kuɗin, su tabbatar ba jabu ba ne, su ba shi maki, su rufe shi cikin roba mai ƙarfi. In sun ga an goge shi, ko an huda shi, ko an yi masa walda, ba sa ba shi lamba; sai dai su rubuta aibin a jikin robar, farashi ya faɗi.

Idan muka yi adalci, kuɗin da ya yi shekara talatin yana yawo tsakanin kasuwar Daura da ta Mai'aduwa, daga lalitar mai goro zuwa bakin zanin mai fura, da wuya ya haura 20. Na gwangwaninmu yawancinsu nan suka tsaya.

Maki kuma rabin magana ne. Sauran rabin shi ne ƙarancin kuɗin da yawan masu nemansa, kuma nan ne yawancinmu ke ruɗewa, don muna ɗauka tsufa ne ke kawo tsada. Ga misali. Sarkin Ingila Edward na Takwas bai cika shekara a kan gado ba, ya sauka a Disambar 1936, kuma a Ingila ba a saki kuɗi da sunansa ba. Amma a Afirka ta Yamma an saki anini da ɗari da kwabo masu sunansa. Labari ne mai daɗin ji, mun kuwa sami guda biyu a gwangwanin muka yi ta murna. Sai dai miliyoyi aka buga, saboda haka a kasuwar masu tarawa ba su da wata tsada sai in sun fito fes kamar jiya aka buga su.

Haka babban farin kuɗin nan, wanda tsofaffi ke kira liyari. Hoton Mariya Teresa ce ta ƙasar Ostiriya, kuma an rubuta 1780 a jikinsa. Wanda bai sani ba sai ya ce ya haura shekara 240. Alhali 1780 shekarar rasuwarta ce, aka ci gaba da buga shi da wannan shekarar a garuruwa daban-daban na duniya, ɗaruruwan miliyoyi, har yau ma ana bugawa a Viyana. Fatake ne suka shigo da shi ƙasar Hausa tun zamanin wuri, mata suka mayar da shi abin ado, maƙeran fari suna narka shi. Nauyinsa giram 28 ne da ɗan kai, azurfar da ke ciki kusan giram 23, kuma galibi kuɗin azurfar nan ne farashinsa. Na Kaka an liƙa masa zobe don a rataya a wuya, wanda a idon masu ba da maki aibi ne. A idonmu kuwa wannan zoben ne ya fi komai, tunda na mahaifiyarta ne.

To me ake dubawa? Shekara tukuna, sai ɗan harafin da ke nuna inda aka buga. A kuɗin Afirka ta Yamma, H na nufin kamfanin Heaton, KN kuma King's Norton, dukansu a Birmingham. Wanda ba harafi galibi na Landan ne. Shekara ɗaya na iya zama mai yawa da wani harafi, mai wuyar samu da wani. Sai ƙarfen. Aninin farko na 1907 da alminiyam aka yi shi, yana cikin kuɗin alminiyam na farko da aka kashe a duniya, kuma bai jure yanayinmu ba, aka sauya ƙarfen a 1908. Sule da fataka na 1913 zuwa 1920 na azurfa ne, waɗanda suka biyo baya kuwa ruwan tagulla ne. Masu hudar nan in ka duba da kyau za ka ga tauraro mai kusurwa shida a gefe ɗaya, da rubutun Larabci mai faɗin darajar kuɗin a ɗaya gefen.

Na bayan nan ba mu daɗe a kansu ba: kuɗin Tarayyar Najeriya na 1959, da kwabban da suka zo da naira a Janairun 1973, ciki har da kwabo 25 mai dalar gyaɗa. Suna da kyau, suna da yawa.

Abin da ya fi damunmu shi ne masu yawo suna cewa akwai wani sinadari a cikin tsohon kwabo, ko wani Bature na jira da miliyoyi in ka fara biyan kuɗin gwaji. Mai saye na gaskiya shekara da harafi da lafiyar kuɗin zai tambaya, kuma ba zai ce ka ba shi ko sisi ba kafin ciniki.

Ragowar na gwangwanin mun bar su yadda suke. Muna kama kowanne ta gefe, muka naɗe shi a takarda shi kaɗai don kada su goge juna, muka rubuta shekara da harafi a littafi. Kaka na kallonmu tana dariya, ta ce mu ƙara shafi ɗaya mu rubuta abin da taro ke saye a Daura shekarar da aka yi mata aure. Shafin ya zama uku kafin a kira magariba.