Keswick: Garin da Ake Hawan Dutse da Safe, a Faɗa Tafki da Yamma

A watan Oktoba na 1887, kusan mutum 2,000 suka fito daga garin Keswick da ke arewa maso yammacin Ingila, suka doshi wani tudu mai suna Latrigg. Masu filin wurin ne suka toshe hanyar da mutanen gari suka gada tun kaka da kakanni, suka ce ba mai ƙara bi. Jama'a suka ce ba ta saɓu ba. Suka kawar da shingen, suka hau har ƙolin tudun. Magana ta kai gaban alƙali a birnin Carlisle a 1888, aka yi sulhu, aka bar hanya guda a buɗe ga kowa.

Yau tsoho da jikansa kan haye Latrigg cikin awa ɗaya daga tsakiyar gari, don tsayinsa bai wuce mita 368 ba. Daga can sama, garin yana shimfiɗe a ƙarƙashin ƙafa da rufin gidajensa masu ruwan toka, tafkin Derwentwater yana bayansa, tsaunuka sun kewaye su. Yawancin masu tsayawa ɗaukar hoto a wurin ba su san cewa sai da aka yi shari'a kafin ƙafarsu ta samu izinin takawa ba. Kusan kowace turba da kowane bakin ruwa a wannan yanki yana da irin wannan tarihi: wani ya yi jayayya a kansa, ko ya sa kuɗi ya saye shi, ko yana nan yana gyara shi har gobe.

Keswick ƙaramin gari ne, mutanensa kimanin 5,000, a gundumar Cumbria, ba nisa da iyakar Sikotilan. Tun 1276 Sarki Edward na Ɗaya ya ba shi izinin cin kasuwa, kuma har yanzu kasuwar tana ci ranar Alhamis da Asabar a dandalin da ke kewaye da tsohon ginin Moot Hall. Kafin 'yan yawon buɗe ido su san da shi, ma'adinai ne abincinsa. A shekarun 1560 aka kawo gwanayen haƙa daga Jamus don tono tagulla a kwaruruwan da ke kusa. A kwarin Borrowdale kuma aka samu baƙin ma'adinin nan da ake yin bakin fensir da shi, wanda ya mayar da garin cibiyar ƙera fensir, har akwai gidan tarihin fensir a can yanzu. A 1951 aka ayyana yankin tafkunan da garin ke ciki baki ɗaya a matsayin gandun shaƙatawa na ƙasa, a 2017 kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya.

Tafkin Derwentwater kansa bai cika kilomita biyar a tsawo ba, faɗinsa kuma bai kai biyu ba. Tulin ƙanƙara ne ya sassaƙe kwarin dubban shekaru da suka wuce, da ya narke ya bar ruwa da tsibirai huɗu manya. Akwai turba da ta zagaye shi, kimanin kilomita 16, tana ratsa kurmi da fadama da bakin duwatsu, a wasu wuraren an shimfiɗa katako a kan taɓo don kada a nutse. Mai tafiya a hankali kan gama ta cikin awa huɗu zuwa biyar. Wanda ƙafarsa ta gaji ba sai ya matsa wa kansa ba, domin jiragen ruwa na katako suna kewaya tafkin, suna tsayawa a tashoshi irin su Ashness Gate da Lodore da Brandelhow da Hawes End. Mutum na iya yin rabin hanya a ƙasa, ya ƙarasa a jirgi.

Brandelhow yana da nasa labarin. A 1902 aka sa wannan kurmi na gaɓar yamma a kasuwa, aka ji tsoron kada wani attajiri ya saye ya katange. Wani limamin coci na yankin, Hardwicke Rawnsley, yana cikin mutum uku da suka kafa ƙungiyar National Trust a 1895 don adana filaye da gine-ginen tarihi, tare da Octavia Hill da Robert Hunter. Aka buɗe asusun neman taimako, masu hali da ma'aikatan masana'antu suka yi karo-karo, aka tara fam 6,500 aka saye eka 108. Shi ne fili na farko da ƙungiyar ta mallaka a yankin tafkunan. Bayan rasuwar Rawnsley a 1920, an sayi Friar's Crag don tunawa da shi, wato ɗan tsinin dutsen nan mai itatuwa da ya kutsa cikin ruwa, tafiyar minti goma sha biyar daga gari. Nan ne baƙi suka fi cika da yamma.

Tudun da ya fi kowanne farin jini shi ne Catbells, mai tsayin mita 451. Ana sauka daga jirgi a Hawes End, a kama hawa ta kan doronsa. Awa ɗaya ko ɗaya da rabi ta isa a kai sama, amma a hanyar akwai wuri biyu da sai an dafa dutse da hannu, kuma idan an yi ruwa dutsen yana da santsi. Iyalai da yara ƙanana suna hawansa kullum. Yawan ƙafar da ke takarsa ya sa turbar ta riƙa zaizayewa, ruwan sama ya bi sawun ya mayar da ita kwazazzabo. Tun 2001 akwai wani shiri mai suna Fix the Fells, inda ma'aikata da 'yan sa-kai ke jera duwatsu kamar matakala, suna yanka magudanun ruwa a gefen hanya. A wasu wuraren jirgi mai saukar ungulu ne ke kai musu duwatsun cikin manyan buhuna.

A gabashin tafkin akwai Walla Crag, mita 379, wanda masu tafiya kan haɗa da tsohuwar gadar dutse ta Ashness a zagaye ɗaya. Mai sha'awar tarihi kan karkata zuwa Castlerigg, inda mutanen da suka rayu shekara kusan 5,000 da suka wuce suka kafa manyan duwatsu kimanin 40 a da'ira. Wanda ke ji da ƙarfinsa sai ya nufi Skiddaw, mita 931, ɗaya daga cikin tsaunuka mafi tsayi a Ingila. Hanyarsa fili ce, ba ta da wuyar ganewa idan gari ya waye tas, amma doguwa ce, kuma sama akwai iska mai ture mutum. Duk mita 1,000 da aka hau, zafin iska kan ragu da kimanin digiri shida, don haka wanda ya bar gari da 'yar shara zai tarar da hunturu a ƙoli.

Akwai kuma waɗanda tafiya ba ta isar su, sai gudu. A 1932 wani mai gidan baƙi a Keswick, Bob Graham, ya taka ƙololuwa 42 cikin ƙasa da awa 24, tafiyar da ta haura kilomita 100. Har yau masu gwada wannan zagaye daga ƙofar Moot Hall suke tashi, nan kuma suke dawowa. A 2018 ɗan tseren Sifaniya Kilian Jornet ya gama shi cikin awa 12 da minti 52. Masu tafiya a natse kuwa littattafan Alfred Wainwright suke bi, guda bakwai da ya rubuta ya kuma zana da hannunsa, aka buga tsakanin 1955 da 1966. Tuddai 214 ya bayyana a ciki, kuma akwai masu shafe shekaru suna bin su ɗaya bayan ɗaya har su cike.

Duk waɗannan hanyoyi ta cikin makiyaya suke bi. Tumakin yankin, waɗanda ake kira Herdwick, ana haifarsu baƙaƙe, su yi furfura da girma. Suna kiwo a kan tsauni ba makiyayi ba shinge, domin kowace tunkiya ta san yankin garkensu, kuma a wurin uwarta ta koya. Wannan ne ya sa manoma ba sa wasa da ƙa'ida biyu: a bar ƙofar gona yadda aka same ta, a kuma riƙe kare da igiya, musamman lokacin haihuwar tumaki. Dokar da aka yi a shekarar 2000 ta ba jama'a damar yawo a kan buɗaɗɗun tsaunuka, amma ba ta mayar da gonar kowa ta zama ta kowa ba.

Batun ruwa kuma, Derwentwater yana cikin tafkunan da masu iyo suka fi so, saboda ba shi da zurfi sosai. Inda ya fi zurfi mita 22 ne, matsakaicin zurfinsa kuwa bai wuce mita biyar da rabi ba, alhali Wastwater da ke yammacin yankin ya kai mita 79. Ruwa marar zurfi ya fi saurin ɗumama idan rana ta fito. Masu iyo kan shiga ta Calfclose Bay, inda gaɓar ke da tsakuwa kuma take gangarawa a hankali, ko ta wajen Ashness, ko ta ƙananan lungunan Brandelhow. Gwanaye kan yi iyo har tsibirin St Herbert da ke tsakiya, wanda ya samu sunansa daga wani mai ibada da ya keɓe kansa a can a ƙarni na bakwai.

Wanda ya fi son ƙorama sai ya shiga kwarin Borrowdale. Daga ƙauyen Stonethwaite ana bin gefen ruwa zuwa Galleny Force, inda ruwa ke zubowa daga dutse zuwa ƙananan gurabe. Gaba kaɗan cikin kwarin Langstrath akwai Black Moss Pot, wani gurbi mai zurfi tsakanin bangon dutse biyu, ruwansa garau har ana ganin tsakuwar ƙasa. Matasa kan yi tsalle daga saman dutsen su faɗa. Masu hankali cikinsu sukan fara shiga su auna zurfin, domin ambaliya kan mirgino duwatsu ta sauya ƙasan gurbin daga shekara zuwa shekara.

Wanda ya tashi a bakin kogi a ƙasar Hausa ya san ana gudun kada da tsargiya. A nan babu ko ɗaya, sanyi ne abin tsoro. Ruwan da bai kai digiri 15 ba yana sa jiki ya razana da zarar an faɗa: numfashi ya ƙwace, mutum ya ja iska ba da son ransa ba, zuciya ta hau bugu. Idan kansa yana ƙarƙashin ruwa a wannan lokaci, ruwa zai shaƙa, ko da gwanin iyo ne. Razanar kan lafa cikin minti ɗaya zuwa biyu, shi ya sa masu aikin ceto ke cewa wanda ya faɗa ba shiri ya kwanta rigingine, ya baza hannu da ƙafa, ya jira numfashinsa ya daidaita kafin ya yi yunƙurin komai. Bayan wannan, sanyin kan bi hannuwa da ƙafafu ya kashe musu ƙarfi sannu a hankali. Masu iyo na yankin suna shiga da kaɗan-kaɗan, da yawa suna sanye da rigar roba mai manne wa jiki, suna jan wata jakar iska mai launin lemo a bayansu don matuƙan jirgi su hango su. Idan sun fito, tufafi masu kauri da shayi mai zafi suna jiransu, don jiki kan ci gaba da yin sanyi ko bayan an bar ruwan.

Ba kowane tafki ake shiga ba. An hana iyo a Thirlmere da ke kudu maso gabashin garin, domin madatsar ruwan sha ce. Tun 1894 ruwansa ke gangarawa zuwa birnin Mancesta ta magudana mai tsawon kilomita 154, ba tare da injin turawa ba. A Derwentwater ma akwai lokutan zafi da wata gansakuka mai launin shuɗi da kore kan taso saman ruwa. Tana sa ƙaiƙayi da ciwon ciki, tana kuma iya kashe kare, don haka idan an kafa allon gargaɗi sai a haƙura. Wata ciyawar ruwa da ta shigo daga nahiyar Ostireliya ta riga ta mamaye sassan tafkin, kuma guntunta kaɗan da ya maƙale a riga ko takalmi ya isa ya kai ta wani ruwan. Saboda haka ake roƙon masu iyo su duba kayansu, su wanke, su shanya kafin su shiga wani tafki. A cikin Derwentwater ne wani ɗan kifi mai suna vendace yake rayuwa tun ƙarshen zamanin ƙanƙara, kuma wuraren da ya rage a Birtaniya ba su da yawa.

Ruwan sama shi ke da iko da komai a nan. Ƙauyen Seathwaite da ke ƙuryar Borrowdale yana samun fiye da milimita 3,000 a shekara, abin da ya sa ake lissafa shi wurin zaman mutane mafi yawan ruwan sama a Ingila. A watan Disamba na 2015, guguwar da aka laƙaba wa suna Desmond ta zubar da milimita 341 cikin awa 24 a mashigar Honister. Kogin Greta ya cika ya tumbatsa, ya shiga gidajen Keswick, ya tafi da gadoji biyu na turbar da aka yi a kan tsohon layin dogo zuwa ƙauyen Threlkeld. Sai a Disamba na 2020 aka sake buɗe turbar mai tsawon kilomita biyar, shimfiɗaɗɗiya yadda keken guragu da keken jarirai za su bi.

Idan hazo ya rufe mutum a kan tsauni ko ya karya ƙafa, lambar 999 ake kira, a nemi 'yan sanda, a ce musu ana buƙatar masu ceton tsauni. Ƙungiyar ceto ta Keswick, wadda aka kafa a 1947, 'yan sa-kai ne zalla. Suna barin aikinsu ko barcinsu su fita, sau ɗari ko fiye a shekara, kuma da gudummawar jama'a suke sayen mota da igiya da gadon ɗaukar majinyaci. Abin da suke yawan nanatawa shi ne a ɗauki taswirar takarda da kamfas da tocila da rigar ruwa, domin waya kan mutu da sanyi, sabis kuma kan ɗauke a cikin kwari.

Jirgin ƙasa ya daina zuwa Keswick tun 1972, don haka baƙo a Penrith yake sauka, ya hau bas na kusan kilomita 30. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare, har mutum ya hau Catbells da hantsi, ya yi iyo da la'asar, ya koma gari da sauran haske. A Disamba kuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma duhu ya fara shiga, jiragen tafkin sun rage zirga-zirga, ƙanƙara ta rufe kan Skiddaw, kuma mai niyyar hawa sai ya fito tun da sassafe.