Lambobin Wilson: Rukuni na Musamman Cikin Lambobi Gagara-Rabo

1.0 Gabatarwa

Gagara-rabo ita ce lambar da ta haura 1, wadda ba ta rabuwa daidai sai da 1 ko da ita kanta, kamar 2, 3, 5, 7, 11 da 13. Alal misali, falken da ya sayi awaki 13 a kasuwar Maigatari ba zai iya kasa su kashi-kashi daidai tsakanin abokan cinikinsa ba, sai dai su kasance su 13, kowa ya ɗauki guda.

1.1 Ƙa'idar Wilson

Masanin nan na Basra, Ibnul Haisam, ya san wannan ƙa'ida tun wajen shekarar 1000. Daga baya aka jingina ta ga John Wilson na Ingila a 1770, sannan Lagrange ya tabbatar da ita da hujja a 1771. Ga yadda take: a ninka dukkan lambobin da ke ƙasa da wata lamba, a ƙara 1. Idan lambar gagara-rabo ce, za ta raba sakamakon ba saura.

A ɗauki 7: 1×2×3×4×5×6 = 720, a ƙara 1 ya zama 721, wato 7×103. Amma 6 ta gaza, domin 2 da 3 da suka haife ta suna cikin ninkin. Saboda haka 120 ta rabu da 6, ita kuwa 121 ta bar saura 1.

1.2 Lambobin Wilson

Lambar Wilson ita ce gagara-rabon da ke raba sakamakon sau biyu a jere. Lamba 5 ta cika sharaɗin: 24+1 = 25, wato 5×5. Haka ma 13: 479,001,601 = 13×13×2,834,329. Ita kuwa 7 ta faɗi, domin 103 ba ta rabuwa da 7.

Uku kacal aka sani: 5, 13 da 563. Ta ukun, Karl Goldberg ne ya gano ta da kwamfuta a 1953. Binciken 2012 ya kai har tiriliyan 20 ba a ci karo da ta huɗu ba, duk da cewa masana na hasashen ba su da iyaka.

1.3 Kammalawa

Wajibi ne ɗalibin da ke koyon malanta a Kwalejin Ilimi ta Gumel ya bambance wa yara abin da aka tabbatar da abin da ake hasashe. Ƙa'idar Wilson tabbatacciya ce, rashin iyakar lambobin Wilson kuwa hasashe ne.

Auna Fahimta

Shin 3 lambar Wilson ce? A kawo hujja.