Canjin Gilashin Gaban Mota da Darajarta Ranar Sayarwa

IKKO: Tun da aka sakar wa Naira mara a kasuwar musayar kuɗi a watan Yunin 2023, farashin motocin da ake shigowa da su ya yi tashin gwauron zabo, har mota ta zama kadarar da mai ita ke lissafin abin da za ta kawo masa ranar da zai rabu da ita. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke rage wannan daraja, ba tare da an ankara ba, shi ne irin gilashin gaban da aka sa bayan na asali ya fashe.

A kasuwar Ladipo da ke Ikko, da ta Nkwo a Nnewi, da kuma Apo a Abuja, mai neman gilashi yakan tarar da kashi uku. Akwai sabo mai tambarin kamfanin motar, wanda ya fi tsada. Akwai sabo na kamfanonin gilashi irin su Pilkington, AGC, Fuyao da XYG, wanda ba ya ɗauke da tambarin motar. Sannan akwai na kwance, wato wanda aka ciro daga wata motar.

Gilashin gaba na ƙwarai falle biyu ne da aka manne da siririyar roba a tsakani, ta yadda in ya fashe ba zai tarwatse a fuskar direba ba. Ana gane ingancinsa daga rubutun da ke kusurwarsa ta ƙasa: alamar AS1 da lambar DOT ta Amurka, ko harafin E cikin da'ira tare da 43R na Turai. Gilashin da ba shi da ko ɗaya daga cikinsu abin gudu ne, kome arhar da aka yi masa.

Wannan kusurwar ce gogaggun dillalai ke fara dubawa. Idan tambarin gilashin gaba ya saɓa wa na tagogin gefe, nan take sukan yi zargin motar ta taɓa haɗari, su kuma sami hujjar karya farashi. Sau da yawa abin da za su zabtare yakan zarce rarar da mai motar ya samu ranar da ya zaɓi mai araha. Don haka ajiye rasit, da hoton tsagewar da tsakuwa ta yi wa tsohon gilashin, yana kare mai sayarwa daga wannan zargi.

Aikin sawa ma na da nasa muhimmancin. Gilashin motocin zamani da gam mai ƙarfi ake liƙa shi, yana taimakawa wajen riƙe rufi in mota ta ƙundumbala, kuma a motoci da dama da shi jakar iska ta fasinja ke jingina lokacin da ta buɗe. Idan mai sawa ya kankare fenti ya bar ƙarfe a fili, tsatsa za ta kama bakin gilashin, ruwa ya riƙa yoyo da damina, warin danshi kuwa ba ya ɓoyuwa ga mai saye. Motocin da ke da kyamara a bayan madubin tsakiya kuma suna bukatar a sake saita ta bayan canji.

Jinkiri ma hasara ne. Ƙaramin sara ana iya cike shi kafin zafin rana da ramukan hanya su mai da shi doguwar tsaga, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa na ɗaukar tuƙi da fasasshen gilashi a matsayin laifi. Inshorar dole ta motocin gida, wadda kuɗinta ya tashi daga Naira 5,000 zuwa 15,000 a Janairun 2023, ba ta biyan gilashin mai motar; sai cikakkiyar inshora.

Lissafin dai ya danganta da motar. Ga tsohuwar motar haya, gilashi mai cikakkiyar alama daga sanannen kamfani ya wadatar. Amma ga mota mai ƙarancin shekaru da ake shirin kai wa kasuwa, mai tambarin kamfanin motar da ƙwararren mai sawa su ne ke tsare wa mai ita jarinsa.