Tanbihi Ga Iyaye A Kan Jarrabawar 'Yan Ƙanana

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, ya ku malamai da 'yan kasuwa na Dingyaɗi da Boɗinga da Shagari da kewayensu, ga wata mas'ala wadda ta fara a birni, yanzu kuwa ta iso ƙofar gidajenmu, ya kamata mu dube ta da idon basira.

Ku sani, akwai makarantun kuɗi a cikin Sakkwato da sauran manyan garuruwa waɗanda ba su karɓar yaro ɗan shekara 3 ko 4 a ajin nazare sai sun jarraba shi. Uba ya sayi fom, a sa masa rana kafin a buɗe makaranta a watan Satumba, a zaunar da yaro gaban baƙuwar fuska, a tambaye shi sunansa da shekarunsa da Turanci, a ce ya ƙirga, ya faɗi harufan boko, ya bambance launi, ya riƙe fensir. Saboda tsoron wannan rana, wasu iyaye sukan ɗauko mai lesin su biya shi, ya tsare yaron da bai daɗe da barin nono ba, yana cusa masa amsoshi kamar ana ɗura wa kaza tsaba. In ya kasa a yi masa tsawa, wani lokaci har da bulala.

Asalin al'amarin shi ne, tsarin ilmi na ƙasa na 1977 ya yarda da karatun share fage kafin firamare, amma ya bar mafi yawansa a hannun masu zaman kansu. Tsarin nan ya so a koyar da ƙanana da harshen uwa. A watan Nuwamba na 2025 kuwa Ministan Ilmi na Tarayya ya bayyana cewa an koma ga Turanci a matsayin harshen koyarwa, sai hankalin iyaye ya ƙara tashi. Masu makaranta su ma suna da hanzarinsu: kujeru kaɗan ne, masu nema da yawa, malama kuma tana son sanin ajin da ya dace da yaro. Wannan magana tana da fuska. Amma sanin ajin yaro daban, korarsa daga bakin ƙofa daban.

Mu dubi yadda magabata suka yi. A nan ƙasarmu Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna Sifawa yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma yana Boɗinga. Tafarkin karatun da muka gada bai san jarrabawar shiga ba. Uba ya riƙo hannun ɗansa ya damƙa wa malam, a yi addu'a, shi ke nan ya zama ɗan makaranta. Da fari kolo kunne kaɗai yake aiki da shi, ana biya masa Fatiha da gajerun surori yana maimaitawa. Sa'an nan a rubuta masa babbaƙu a allo, ya san ba guje da mim jaye da ha kuri. In sun zauna a shiga farfaru, kana ya fara haɗa baƙi, kana ya riƙe alƙalami da kansa. Ba a wanke allo sai karatun ya zauna, kowane yaro kuma da tafiyarsa, ba a ɗaure mai sauri da mai nawa. Watau a wurinmu awo yana zuwa bayan koyarwa. Wanda ya auna yaro kafin ya koya masa kome, gidansu ya auna: ko uwarsa ta yi boko, ko ubansa yana da kuɗin lesin.

Ya ku 'yan kasuwa, ku ne kuka fi kowa sanin mudu. Wa ke auna gero tun yana ɗanye a gona? Dubi Alhaji Shehu Shagari. An haife shi a 1925, ya fara da allo a gida, bai shiga elementare ta Yabo ba sai 1931, daga nan Midil ta Sakkwato, sai Kwalejin Kaduna. Ya zama malamin makaranta, a 1979 ya zama Shugaban Ƙasa. Jinkirin shiga boko har shekara 6 bai rage masa kome ba.

Su ma waɗanda suka riga mu shiga wannan hanya sun fara juyowa. A birnin New York na Amurka an daɗe ana yi wa 'yan shekara 4 wata jarrabawar auna basira domin shiga makarantun masu hali. A 2013 ƙungiyar makarantun ta daina ba da shawarar a yi ta, domin horon da iyaye ke saya wa yara ya ɓata awon, ba a iya bambance mai basira da wanda aka haddace masa amsa. A Indiya dokar ilmi ta 2009 ta hana makaranta tace yaro ko iyayensa kafin ɗauka. A Finland kuwa yaro ba ya shiga firamare sai a shekarar da zai cika 7.

Mai Risala, Ibn Abi Zaid, ya kamanta koyar da yaro da zane a kan dutse. To, in haka ne, ba karatu kaɗai ke zanuwa ba, tsoro ma yana zanuwa. Ibn Haldun a cikin Muƙaddima ya keɓe fasali a kan cewa tsanantawa ga ɗalibai, balle ƙanana, tana cutar da su, tana jawo kasala da ƙarya da nuna abin da ba shi ne a zuci ba. Salla kanta, wadda ita ce ginshiƙin addini, ba a umurci yaro da ita ba sai ya kai shekara 7. Yaya za a doki ɗan shekara 3 a kan sunan launi da Turanci?

Wanda la budda sai ya kai ɗansa irin wannan makaranta, ga shirin da ke da amfani. A kula da cinsa da barcinsa da rigakafinsa, domin mai yunwa da mai zazzaɓi ba su amsa tambaya. A yawaita zance da shi, a bar kakarsa ta yi masa tatsuniya, domin wanda ya ƙoshi da harshen uwarsa ba ya wahalar ɗaukar wani. A koya masa gaisuwa, da faɗin sunansa da na ubansa, da neman izinin zagayawa. Ya ƙirga awaki da ƙwaryar goro cikin wasa, ya yi zane a ƙasa da tsinke kafin a ba shi fensir. A saba masa da zama cikin yara ba uwarsa kusa. In ya gaji a ƙyale shi.

Abu uku kuma ku kiyaye. Kada ku ƙara wa yaro shekaru ko ku rage a takardar haihuwa, domin ƙarya ce, ba a kuwa gina ilmi a kan ƙarya. Ku tambaya ko makarantar tana da rajistar Ma'aikatar Ilmi kafin ku biya ko sisi. Kada kuma ku ci jari ko ku ɗauki bashi domin a ce ɗan wane yana makarantar kaza, alhali kuɗin zango sau uku ne a shekara, ga na tufafi da littattafai da mota. A nan Sakkwato aka ƙaddamar da shirin ilmin bai ɗaya a 1999, dokarsa ta 2004 ta sa firamare da ƙaramar sakandare kyauta a makarantun gwamnati, tsarin 2013 kuma ya ƙara shekara guda ta share fage. Ku je ku tambayi hedimasta, haƙƙinku ne.

In an ce yaro bai ci ba, kada a faɗa masa ya faɗi, kada a gwada shi da ɗan maƙwabci. A mayar da shi ga allonsa da wasansa, baɗi yana nan tafe. 'Ya'ya amana ne a hannunmu, za a kuwa tambaye mu. Allah ya shirya mana zuriya, ya ba su ilmi mai amfani. Haza wassalamu.