Yadda Talakawan Faransa Suka Kawar Da Sarauta

A shekarar 1789 baitulmalin Faransa ya kusa zama fayau. Yaƙe-yaƙe, ciki har da taimakon da ƙasar ta ba Amurka a yaƙin neman 'yancinta, sun bar gwamnati cikin bashi mai nauyi. Ga shi kuma an yi mummunar damina a 1788, burodi ya yi tsadar da talaka ya kasa saya.

Al'ummar ƙasar ta kasu gida uku: malaman coci, masu sarauta da sauran jama'a. Kashi na uku, wato manoma, ma'aikata da 'yan kasuwa, shi ke ɗauke da mafi yawan haraji, alhali ba a jin muryarsa.

Sarki Louis na 16 ya kira taron wakilan ƙasa a Versailles a watan Mayun 1789, na farko tun 1614. Wakilan talakawa suka ƙi a danne su, suka ayyana kansu Majalisar Ƙasa. Ranar 14 ga Yuli mutanen Paris suka fasa gidan yarin Bastille. A watan Agusta majalisa ta soke gatan masu sarauta, ta kuma shelanta haƙƙoƙin ɗan Adam.

Abin da ya ƙarasa zubar da mutuncin sarki shi ne yunƙurin tserewarsa a 1791, inda aka kama shi a garin Varennes. Ranar 10 ga Agustan 1792 jama'a suka afka wa fadarsa. Aka soke sarauta ranar 21 ga Satumba, aka kafa jamhuriya, sannan aka fille kan sarkin ranar 21 ga Janairun 1793.